Nama Mai Laushi

Ganuwar garinmu ta kusa ƙarewa. Kullum da hantsi samari na saran ta suna loda wa jakuna, wai ƙasarta ta fi ta kududdufi kama gini, kuma ba mai ce musu don me. Ni ma ban ce ba. Wa zai saurari tsohuwar da haƙoranta ba su cika biyar ba? Tun da Nasara suka zo aka daina rufe ƙofa, ƙyauren ma ban san murhun gidan da ya ƙare a ciki ba. Amma ba rushewar ganuwa ke hana ni sukuni ba, bakin mutane ne. Ina zaune gindin zana ina kaɗi, sai in ji 'yan mata sun wuce za su rijiya, wannan ta yanki waccan, waccan ta yanki uwar wata, ana shewa, ni kuwa gabana ya yi ta faɗuwa kamar ni aka ba tsaron harsunansu. Jikokina sun ce na cika tsoro, wai ko cewa aka yi wance ta faye ci sai in ce a yi istigfari. Su faɗa, bakinsu ne. Yanzu da jirgi ya iso Funtuwa, an ce maganar da aka yi a kasuwar Bakori da safe takan kwana a Zariya. A zamaninmu ƙafa kaɗai ke ɗaukar magana, duk da haka na ga inda ta kai mutum.

Garin namu ƙarami ne, tsakanin Bakori da Tsiga, ƙofa biyu gare shi, ta gabas da ta yamma. Abin da kunnena ya fara sani a duniya shi ne kukan ƙyauren ƙofar gabas idan ana jan sa bayan an idar da sallar asuba, sai luguden mata ya ɗauka daga gida zuwa gida, sai jakuna su amsa, sai maza su fita gona, fartanya a kafaɗa, kwari da baka a baya. Ba a zuwa gona hannu sake, don maharan Maradawa ba sa aiko da sallama. Akwai wani rimi a bayan gari da ake ɗora mutum a kansa da ganga. In ka ji ta, ko loma ce a bakinka sai ka tofar ka yi ta kanka, mai goyo ta dafe goyonta, a yi cikin gari a danne ƙofa. Wanda aka rufe yana waje, to sai dai addu'a. Na san gidaje a unguwarmu da aka yi shekara da shekaru ana ajiye wa mutum akushinsa bai dawo ba. Shi ya sa a wurinmu babu hukuncin da ya kai a ce an fitar da mutum daga gari. Bulala takan warke, amma bayan ganuwa ba ka san abin da ke jiran ka ba, ko igiyar bayi ko kura.

Wataƙila wannan zaman ɗar-ɗar ne ya sa manyanmu suke taka magana a hankali kamar mai tafiya cikin ƙaya. Ba a kiran maciji da sunansa, igiyar ƙasa ake cewa. Ko mutum ya kai gargara, in an tambaya, da sauƙi za a ce. Ba ka yabon gonar wani ko ɗan wani ka rufe baki ba ka ce tubarkalla ba, in kuwa ka manta, mai abin zai tuna maka, fuska ba walwala. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin na ɗan farinta. Na yanzu kuwa har daga bakin zaure ake ƙwala wa miji kira, Allah ya kyauta. Ni 'yar fari ce, har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, ranar da ta ji daɗina kuma "'yar nan". Babana kuwa mutum ne da za ka yi masa tambaya da safe ya ba ka amsa da la'asar. Yakan ce abin da baki ya ɗaure hannu ba ya kwance shi. Ina jin sa, ina cewa a raina tsofaffi dai ba su da aiki sai tsorata mutane.

Saboda kunyar ɗan fari, ba a ɗakin Inna na tashi ba. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ga Iya Yalwa. Ba kakata ba ce ta jini, kuma ku riƙe wannan, don shi ne gindin duk abin da ya faru. Ta zo garinmu tun ba a haife ni ba, ita kaɗai, ƙafa duk ƙaya, bayan mahara sun ƙone ƙauyensu sun tafi da 'ya'yanta maza biyu. Kakata ta wajen uba ta gan ta a bakin rijiya, ta kawo ta gida, suka ƙulla ƙawance. Da kakar tawa ta rasu, Baba ya ce ɗakin na Iya Yalwa ne har ƙarshen ranta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, idanunta jajaye saboda hayaƙin murhu, ba haƙori ko ɗaya a gaba. Ita ta koya mini gurzar auduga da shiɓa, da yadda ake shafa alli a yatsa a murza mazari har ya riƙa gurnani. 'Yan matan yanzu audugar ma a buhu suke ganin ta za a kai wa Nasara, in ka ba su mazari sai su tambaye ka ina kansa. Zaren Iya masaƙa har rububinsa suke yi. Amma abin da ta fi so a duniya shi ne jarirai. Duk gidan da aka haihu, ita ce kan gaba wajen dafa ruwan wanka da dama kunun kanwa, ladanta kawai a miƙa mata jinjiri ta rungume, ta yi ta shinshinar kansa. Sai da na tsufa na gane nata 'ya'yan take shinshinawa. A lokacin dariya abin yake ba ni.

Mun ɗauki juna kaka da jika, har da wasan da ke tsakaninsu. Kun dai san shi, ko da yake na yanzu ya koma rashin kunya tsagwaronta. In na tashi da safe sai in ce, tsohuwa mai ran ƙarfe, yau ma ba ki mutu ba, yaushe za mu sha gumba? Ita kuma ta ce ai sai ta ga mijin da zai kwashi wannan mummuna tukuna, ta yi masa jaje. In ce ta cinye mini rabon tuwo, ta ce na sace mata goro. A cikin gida ba mai ɗaga kai ya dube mu, kowa ya san ƙauna ce. Ni kuwa Allah ya ba ni baki, kuma na san ya ba ni. A dandali in ana gaɗa ni ke ƙaga habaici, in na jefa wa yarinya guda sai ta kwana uku ba ta fito ba. Ana ce mini mai bakin aska, ni kuma wawuya ina ta washe baki, na ɗauka yabo ne. Shekaruna ba su wuce sha biyar ba, an riga an kawo gaisuwar aurena daga gidan da nake so, ina ganin duniya ba ta da wata wuya.

Cikin marka, ruwa ba dare ba rana, Delu matar Tanko marini ta haifi ɗa namiji. Maƙwabtanmu ne, zana ɗaya ta raba mu. Haihuwa huɗu Delu ta yi kafin wannan, duka ta binne, saboda haka kowa na lallaɓa wannan kamar ƙwai. Aka raɗa masa suna, amma Nomau ake kiran sa, don ya zo ana noma. Ran suna da la'asar gidan ya cika da mata, har da dangin Delu da suka zo daga wajen Maska, ba su san mu ba, ba mu san su ba. Cikinsu akwai gwaggonta, wata doguwar mace mai tsage a kumatu, wadda tun da ta zo ban ga haƙorinta ba. Ana rabon soyayyen naman ragon suna, Iya Yalwa na zaune kan tabarma da jinjirin a cinyarta, tana shinshinarsa yadda ta saba. Aka miƙo mata nata, ta girgiza kai ta ce a ba yara, ita ina ta ga haƙoran cin wannan. Ina tsaye da ƙwarya a hannu, na ga mata sun ɗan yi shiru, sai bakina ya yi ƙaiƙayi.

Na ce, "Ai wannan ya yi mata tauri. Nama mai laushi take so. Delu, ki lura da ɗanki, ba ki ga tana lasar baki ba?"

Aka fashe da dariya. Iya Yalwa ma ta yi, har dasashinta ya bayyana, kuma ta ba ni amsa yadda wasan ya gada, don kakar da aka tsokana ba ta yin shiru.

Ta ce, "Ja'ira. In na gama da shi ke zan bi, ko da yake ke ɗaci za ki yi."

Aka ƙara shewa, kaina ya ƙara girma. Sai da na juya zan fita na ga gwaggon Delu ta miƙa hannu ta ɗauke yaron daga cinyar Iya, ta tofa masa addu'a a ka. Na gani da idona, na kuma wuce abina, har ina maimaita maganar a hanya don kada in manta kafin in ba ƙawayena labari.

Kwana biyar bayan suna Nomau ya ƙi mama. Jikinsa ya yi zafi rau, maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Zazzaɓin marka ne irin wanda aka saba, a daminar nan yara nawa aka kai maƙabarta ba a kira sunan kowa ba. Amma an ce idan maye ya kama kurwar babba, majinyacin da bakinsa yake kiran sunan wanda ya kama shi. Jariri ba ya magana, sai aka nemi wanda ya yi magana a madadinsa, aka tuna da tawa. Gwaggon Delu ta ce ita da kunnenta ta ji yarinyar da ke kwana ɗaki ɗaya da tsohuwar ta yi gargaɗi, ta kuma ji tsohuwar ta amsa da bakinta cewa in ta gama da shi za ta bi wata. Da aka ce mata wasan kaka da jika ne, sai ta tambaya, kakarta ce ta wajen uwa ko ta wajen uba? Aka ce ba ko ɗaya. Ta ce to daga ina ta zo, su wane ne danginta, wa ya san abin da ya ci 'ya'yanta? Kafin azahar maganar ta kai rijiya, kafin la'asar ta kai marina, ta dawo gidanmu ta yi ƙiba. Wata ta tuna jajayen idanun Iya. Wata ta lissafa jariran da Iya ta yi wa wanka suka mutu, ba ta lissafa waɗanda suka rayu ba, alhali ga su nan suna yawo a gari, har da masu gemu. Kalmar da ni ban faɗa ba, wasu suka ƙarasa mini ita, suka ce mayya ce.

A nan ne nake jin kunyar labarin, amma tun da na fara sai in ƙarasa. Ban fita na ce ƙarya ne ba. Tsoro ne ya kama ni. An ce maita a nono ake shan ta, ko kuma a ba mutum a abinci, ni kuwa tun yaye akushi ɗaya muke ci da Iya. In na buɗe baki na kare ta, wa ya sani ko a ce ta ba ni? Ina tunanin gidan da suka kawo gaisuwata, ina tunanin ranar da za su aiko a ce an fasa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ni na ja, na koma gefe na bar wata a ciki. Ranar nan da yamma na naɗe tabarmata na kai ɗakin Inna, na ce wai ɗakin Iya yana yoyo. Iya na zaune tana kaɗi. Ta dube ni, ta dubi rufin da Baba ya baibaye da sabuwar ciyawa kafin faɗuwar ruwa, ta ce in tafi da mayafin ma, ɗakin Inna da sanyi. Kwana biyu ina kewaye ƙofarta kamar akwai rami a wurin. Duk sallamar da aka yi a zaure sai in ji kamar an zo tafiya da ita ne.

Rana ta uku Baba ya dawo daga masallaci ya kira ni zaure, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce dangin Tanko sun kai ƙara wurin mai gari, suna so ko dai Iya ta tsallake yaron ta sakar masa kurwa, ko a fitar da ita daga gari. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi na huta. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin wani abu a ɗakin nan. Na ce wallahi ban taɓa ba, wasa ne. Ya ce to bakin da ya yi wasan shi zai je ya faɗa, shi ba zai ara mini nasa ba.

A zamanin nan budurwa ba ta shiga zauren mai gari. A bakin ƙofa na durƙusa, kaina a ƙasa, ƙafafun maza kawai nake gani. Muryar nan da ke cika dandali ta maƙale, sai da liman ya ce in ɗaga ta har sau biyu. Na faɗi yadda muke wasa tun ina ƙarama, na faɗi zancen gumba, na rantse ban taɓa ganin komai a wurin Iya ba sai alheri. Liman ya goyi bayana, ya ce shari'a ba ta san tsallake ba, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Sai muryar gwaggon Delu ta fito daga bayan zana, inda mata suke zaune.

"Ranka ya daɗe, ran suna ba wanda ya matsa mata ta faɗa. Yau kuwa kwana uku ke nan tana hannun iyayenta. Wacce za mu ɗauka? In ba ta ga komai ba, me ya fitar da ita daga ɗakin?"

Tabarmar nan da na naɗe ta fi rantsuwata ƙarfi. Mai gari mutum ne mai tsoron Allah, amma yana tsoron gari kuma, don dangin Tanko su ne rabin masu bakan da ke hawa ganuwa in an buga ganga. Ya ce ba zai kori tsohuwa ba shaida ba, ba zai kuma tilasta mata tsallake ba, kowa ya koma gida a ga abin da Allah zai yi. Ku da ba ku ga wannan al'ada ba, ga yadda take. Wadda ake zargi za ta tsallake majinyaci sau uku, ta kuskure baki a ba shi ruwan. In ya warke, a ce ta saki. In ya mutu, a ce ta riga ta cinye. In ta ƙi, a ce ba ta son saki. Iya ta san wannan sarai, shi ya sa tun da aka fara kawo mata zancen ta ce ko yanka ta za a yi ba za ta tsallaka ba, ita ba ta kama kowa ba balle ta saki. Ranar na mayar da tabarmata ɗakinta. Ta matsa ta ba ni wuri, ba ta tambaye ni ko yoyon ya tsaya ba.

Washegari da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, sai ga Delu ta shigo ita kaɗai, ba gwaggo ba kowa. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, amma ta fito, ko mayafi babu, yaron a hannunta kamar tsumma. Ba da faɗa ta zo ba. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Iya, ta shimfiɗe shi a ƙasa.

Ta ce, "Iya, ke kika yi mini wankan huɗun da na binne, kin san abin da na gani. Ban ce ke ce ba, wallahi ban ce ba. Amma ko ba ke ba ce, ki tsallaka. In ya mutu ban gwada wannan ba, ba zan yafe wa kaina ba."

Iya ta dubi yaron. Na yar da rariya na ce Iya kada ki yi, na faɗa da ƙarfi, karo na farko ke nan da bakina ya yi saurin faɗin abin kirki. Ko duban inda nake ba ta yi ba. Ta ajiye mazari, ta dafa bango ta miƙe, ta tattare zanenta, ta tsallake shi sau uku tana bisimilla. Ta kuskure baki a ludayi ta ɗiga masa a leɓe da yatsa. Sannan ta ce wa Delu ta ɗauke shi daga ƙasa akwai sanyi, ta riƙa matsa masa nono a baki ko bai ja ba, kada ta gaji.

A kwanakin nan ni dai ban san abin da zan roƙi Allah ba. In yaro ya rayu, an tabbatar wa Iya. In ce kada ya rayu, wace irin mutum ce ni, kuma ko hakan ma ba zai wanke ta ba. Sai in ɗaga hannu in rasa abin faɗi, in shafa haka nan. Bayan kwana biyu Nomau ya kama mama. Aka rangaɗa guɗa a gidan Tanko, muna jin ta ta zana. Iya ta ce alhamdu lillahi, kuma na rantse har zuciyarta ta faɗa. Daga nan ta ci gaba da kaɗinta.

Ba wanda ya zo ya kore ta. Ba a ma sake kai ƙara ba, me za a kai, ai a ganinsu gari ya riga ya ga hujja da idonsa. Abin da aka yi mata ya fi kora ciwo. Ku yanzu ashana gare ku, ba ku san ɗibar wuta ba. A da in kana so ka san wanda ake shiri da shi a unguwa, dubi ɗakin da mata ke shiga da kasko da safe. Murhun Iya ba ya mutuwa, kullum ƙofarta da mutane, sai aka daina zuwa kamar an yi shawara. Masaƙa suka ce zare ya ishe su. In ta fito za ta rijiya, sai ka ji uwaye na kiran 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, mai goyo ta juya bayanta ga bango. Aka haihu a unguwar ba a aiko mata ba, ta ji guɗa ta ɗauki mayafi har ta kai zaure, sannan ta tuna, ta dawo ta zauna. Ni kuwa na bi ko'ina ina faɗa, a rijiya, a wurin sussuka, a dandali, har aka fara gudu na. Duk wadda na ce wa wasa na yi, sai ta ce Allah sarki, ai dole ki faɗi haka, ita ta rene ki. Maganar da na yi sau ɗaya cikin dariya an karɓe ta hannu biyu, wadda na yi sau ɗari da hawaye ba mai so. Aurena dai ba a fasa ba, an ɗaga shi zuwa bayan kaka, aka kuma aiko cewa in daina kwana a ɗakin. Wannan karon ban daina ba.

Da aka yanke dawa daji ya buɗe, lokacin da dawakin mahara ke samun hanya ke nan, Iya ta ce wa Baba za ta Gozaki, wai tana da ɗiyar ɗan'uwa a can. Duk zamanta a gidanmu ba mu taɓa jin zancen wannan ɗiya ba. Yau in gari ya ƙi mutum sai ya hau jirgi ya sauka inda ba a san shi ba, a lokacin kuwa tsakanin ganuwa da ganuwa rai ne a hannun Allah. Baba ya yi magana mai tsawo a ranar, fiye da duk wadda na taɓa ji a bakinsa. Ya ce ɗakin nata ne, wanda bai so ba ya riƙe ƙafarsa. Ta ce ta sani, amma saboda ita an daina sallama a zaurensa, ga ɗiya zai aurar, ga ƙannenta na tasowa. Da ya ga ba za ta juyu ba, ya haɗa ta da wasu masu jakuna da za su wajen can da auduga.

Da safe da aka buɗe ƙofar gabas ni na ɗaukar mata ƙunshinta, duka kayan bai fi ƙarfin hannuna ɗaya ba. Ina tafe ina kuka ina cewa ta yafe mini, ina maimaitawa kamar ba ni da wata kalma. A bakin ƙofa ta karɓi kayan ta ɗora a ka.

Ta ce, "Ni na yafe miki tun kafin ki rufe baki, ai tare muka yi wasan. Sai dai yafewar tawa a kunnenki kaɗai za ta tsaya, ba ta da ƙafar da waccan take da ita. Koma gida, rana na yi."

Na so in tsokane ta, irin tamu, don mu rabu yadda muka saba. Na buɗe baki, na ji tsoron kowace kalma da ta zo. Haka ta tafi ban ce komai ba, ina hangen ta 'yar mitsitsiya a bayan jakuna har hanya ta karya wajen tsamiyoyi.

Da masu jakunan suka dawo suka ce a wata mararraba ta ce su wuce, ta san hanya daga nan. A makon nan sau biyu aka buga gangar rimi. Da hanya ta lafa Baba da kansa ya je Gozaki ya bi unguwa unguwa, ba wanda ya ga baƙuwar tsohuwa, ba kuma wanda ya san wata ɗiyar ɗan'uwa. Na yi aure, na haifa, na aurar, amma duk fataken da suka sauka garin nan, daga Zariya ne ko daga Kano ko daga arewa, sai na aika a tambaye su. Har na kai shekarun da ko ta isa wani wuri lafiya ƙasa ta daɗe da rufe ta, ban daina tambaya ba. Ban san inda kabarinta yake ba, ban ma san ko ta sami kabari ba.

Nomau yana nan da ransa. Ya gaji marinar ubansa, gemunsa ya yi fari fat, jikokinsa sun fi nawa yawa. Mutumin kirki ne, ba ya wuce ƙofata bai rusuna ya gaishe ni ba. Tun yana saurayi sau uku ina zaunar da shi ina ba shi labarin nan daga farko har ƙarshe, kamar yadda na ba ku. Kowane karo yakan saurara da ladabi, ya ce Allah ya ba ni ladan kyakkyawan zato. Shekaranjiya da la'asar ya zo gaishe ni da wata 'yar jikarsa a kafaɗa, yarinyar tana ƙiwa ta ƙi sauka. Ya yi dariya ya ce ta sauka ta gaida kakarta, wannan ba a gudun ta.

Ya ce mata, "Ba don ita ba da babu ni, da babu ke. Ina jinjiri mayya ta kama ni. Duk garin nan ba wanda ya gane sai ita, ita ce ta tona."

Na ce ba haka ba ne, Nomau, ba haka aka yi ba. Ya ce ai ya sani, Yaya, haka yake kira na, ba ta son yabo. Yarinyar ta sauko ta durƙusa a gabana, ya ce ta yi mini godiya, ta yi.